Makullan Motar Irmiya

Mijinyawa bakanike ne, amma ba kowace mota yake taɓawa ba. Shi tsofaffin motocin daji ya sani, masu fowil, irin waɗanda in sun shiga taɓo ake sauka a murɗa wani abu a cibiyar tayoyin gaba don su ma su ja. Wannan abin murɗawa bakanikai suna ce masa hob, masu mota kuma suna cewa makulli. A kan kwalta a buɗe ake barinsa. In hanya ta ɓaci sai a kulle na hagu, a kulle na dama, motar ta kama ƙasa da ƙafa huɗu. In ɗaya ya ƙi kamawa, to kamar duka biyun ne suka ƙi. A garejinsu na hanyar Yelwa, duk wanda makullinsa ya lalace wurin Mijinyawa ake tura shi.

Matarsa Zinariya ba ta taɓa taka garejin ba, amma ta san makulli ciki da waje, don a gidanta ake gyaransa. Shekara goma sha tara halinsa ke nan. In ya kwance makulli daga mota, ba ya yarda ya buɗe cikinsa a gareji. Cewa yake ƙasar gareji ɓarauniya ce, sifirin ya faɗi ka neme shi ka rasa, ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakanin haƙora aiki ya koma baya. Sai ya ƙunso su a buhu ya kawo gida, unguwar Ɗan Iya. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zuba kananzir a tasa, ya zauna yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin baki. In ya gama ya shanya su a kan tsumma. Giris kuwa kaɗan yake sa wa, da kan yatsa. Yana cewa masu cika giris su ke kashe makulli, don in ya daskare zoben da ke cikinsa ba ya iya tafiya.

Tasar da yake wankin a ciki tata ce, cikin kayan ɗakinta ta zo da ita.

"Malam, tasar aurena ce fa," in ji ta, kusan kullum.

"To ai auren ne ya kawo ta nan," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

"Ƙawayena mazansu turare suke kawo musu."

"Ke ma ga shi nan an kawo miki. Shanshana ki ji."

Haka suke, ita tana tankaɗe, shi yana goge ƙarfe, har a kira magariba.

Aikinsa na ƙarshe na Irmiya ne. Irmiya mutumin kudancin Bauchi ne, dattijo, yana da wata tsohuwar mota mai fowil da ta girmi 'ya'yansa. Da ita yake shiga ƙauyukansu na bayan rafi, ya kai gishiri da taki, ya ɗauko shinkafa da mutane. In damina ta zauna, babu motar da ke shiga can sai tasa. Tun Mijinyawa bai yi aure ba yake yi masa gyara, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya kawo ta a duba makullan.

A wannan makon Mijinyawa kwana uku yana fama da ciwon kai. Idonsa ya yi ja, in ya sunkuya sai ya dafe ƙeya. Ran Litinin da yamma Zinariya ta tsaya a kansa.

"Malam, ka tashi a je asibiti. Wannan ciwon kan ba na rana ba ne."

"Bari in gama da na Irmiya. Ba ki ga gabas ba? Ruwa na hanya."

"Ƙarfen ba zai gudu ba."

"Gobe in ɗaura, jibi asibiti. Na yi miki alkawari."

Ya gama kuwa. Ya wanke, ya shafa giris, ya mayar da sifirin da zobe kowanne mazauninsa, ya murɗa murfin ya ji ya ce ƙas. Ya naɗe kowane makulli a tsumma daban, ya ɗaura wa na dama jan zare, don ba ya son haƙoran da suka saba da juna su rabu. Kusoshin goma sha biyu ya zuba a gwangwanin madara. Ya jera komai a tasa, ya shigar ɗakinta bayan ƙofa.

Da safe yana saka takalmi ya faɗi. Kafin azahar an dawo da shi a lulluɓe.

Gida ya cika. Zinariya ta shiga takaba, tana zaune a kusurwar ɗaki, mata suna shigowa suna fita. Tasar tana nan bayan ƙofa, wani ya ɗora mata tabarma. Amma wari ba ya jin tabarma. Duk wadda ta shigo sai ta ɗan taɓa hanci. Yayarta A'i, wadda ta zo daga Tirwun ta zauna da ita, ta ce, "Wai me ke warin kananzir haka a ɗakin nan? Mutane za su ce a gareji muke karɓar gaisuwa."

Zinariya ta kalli bayan ƙofa. Ita ba hancinta warin yake shiga ba. Duk shaƙar da ta yi sai ta gan shi a sunkuye, hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a cikin tasa. Da ya tashi da yamman nan. Da ya bar ƙarafunan nan ya bi ta. Ta san rai na Allah ne, ta sha faɗa wa wasu haka a gidajen makoki. Amma ranar da abin ya zo kanta, sai zuciyarta ta nemi wanda za ta kama, ba ta samu kowa ba sai abin da ke bayan ƙofa.

Ran kwana biyar, da rana tsaka, mutane sun ɗan janye. A'i ta shiga wanka. Sai ga muryar ɗan gwangwan a lungu, irin masu tura baro suna karɓar tsohon ƙarfe su ba da roba.

Zinariya ta tashi. Ta janye tabarmar, ta ɗauki tasar. A zaure ta durƙusa ta warware tsummokaran, ta tsinke jan zaren, don kada su yi kama da kayan da ake so. Ta ɗan buɗe ƙofa ta miƙa hannu ta yafito shi.

Mutumin ya ɗauki makulli ɗaya ya juya shi a hannu, ya murɗa murfin.

"Hajiya, waɗannan ai da ransu."

"Ɗauki ka tafi."

"Maigidan ya sani?"

"Na ce ka ɗauka."

Ya juye su a baro, har da gwangwanin kusoshi. Ya zaro wata shuɗiyar robar wanki ya tura mata ta ƙofar. Ba ta tambaya ba, ba ta kuma mayar ba. Ta wanke tasarta da toka sau uku ta kife. A ranar ta ji sanyi a ranta, na ɗan lokaci kaɗan, kamar wanda ya mari bango.

Bayan sadakar bakwai, Mansir ƙanen marigayin ya yi sallama. Shi ma bakanike ne, tare suke gareji ɗaya. Ya ce tare yake da baƙo. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, ita tana ciki bayan labule. Da ta ji muryar baƙon, ta gane Irmiya ne.

Irmiya ya sake yi mata gaisuwa, don ya zo tun ranar farko, har maƙabarta ya raka. Ya yi ta juya hula a hannu, ya kasa shiga maganar. Mansir ne ya shiga.

"Yaya, motar Baba Irmiya tana kan duwatsu tun kafin rasuwar. Na buɗe akwatin marigayi na gareji, makullan ba sa ciki. Na ce tabbas gida ya kawo su, kamar yadda ya saba."

 Abin faɗar gajere ne. Amma ga A'i a gefenta, ga Mansir wanda zai tsaya a kan rabon gado, ga shi ko allura ba a taɓa wa mamaci kafin a raba. Kuma wannan ma ba na mamacin ba ne, amana ce. Mace tana takaba, kwana biyar da binne mijinta, ta miƙa wa ɗan gwangwan kayan mutane ta karɓi roba. Da wane baki?

"Ban ga komai ba," in ji ta.

"Bai zo da buhu ba ran Litinin?"

"Ni dai ban gani ba."

A'i ta ce, "Ai kuwa an yi ta jin warin kananzir a ɗakin nan."

"Kayansa ne na aiki," in ji Zinariya. "An wanke."

Mansir ya nemi izini ya duba. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba ɗakin girki, ya hau ya leƙa saman kwano. Ya wuce shuɗiyar robar sau biyu, da wanki jiƙe a ciki. Irmiya ya ce a bari, a bari, ba lokacin wannan ba ne, Allah ya ba da haƙuri. Suka tafi.

Ta yi tsammanin za a sayi wasu a ɗaura, magana ta mutu. Ashe ba haka ba ne. Irin na motar Irmiya an daina kawo su tun tuni. Mansir ya zagaya masu sayar da kayan mota na cikin gari, babu. Ya aika Jos, aka aiko da wasu, haƙoransu ba su yi daidai ba. Ya aika Kano, aka ce a jira. Ana cikin jira ruwa ya sauka, na fari, na biyu, na uku. Motar tana kan duwatsu, an ɗaure cibiyoyin tayoyin da leda don kada ruwa ya shiga.

Duk ruwan da aka yi, Zinariya tana zaune tana jin sa a kan kwano tana lissafin rafi. Yau ya kai gwiwa. Yau ya kai ƙugu. Abinci ya daina wuce mata. Mata suna cewa, Allah sarki, ta so mijin nan, ku dubi yadda ta rame. Wannan yabon ya fi zagi ƙona ta.

Ta yi ta kasa kunne ko ɗan gwangwan zai sake biyowa. Wasu sun biyo, ta leƙa ta kafar ƙofa, ba shi ba ne. Ko fuskarsa ma ba ta riƙe sosai ba.

Wajen mako uku, maƙwabciyarta Hamsatu ta shigo da kunu. Ta zauna, ta gyara zama, irin na wadda magana ke cin ta.

"Maman Maimuna, ni dai ba na son ki ji a bakin wani. Kin san mijina a can yake faci kusa da garejinsu."

"Me aka ce?"

"Wani Sabitu ne, wanda rumfarsa ke kallon tasu. Wai cewa yake irin makullan nan yanzu zinariya ne, masu farauta da masu gonaki nema suke ido rufe. Wai ba banza marigayi ke kwashe kayan mutane zuwa gida ba. Wai wa ya san nawa aka musanya a shekarun nan, mai kyau ya tafi, mai dama-dama ya dawo."

A'i ta buga cinya. "La'ilaha! Mutum yana kabari?"

"Wallahi ni ma haka na ce. Amma kin san baki. Har wani ya ce shi ma tun da aka gyara masa nasa yake jin wata ƙara."

Zinariya ta riƙe kofin kunu har ya huce a hannunta. Mutumin da in ya tsinci wasa ɗaya, wannan ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa a ƙarƙashin noti, a aljihunsa, sai ya ajiye shi a kan taga har ya tuna na motar wa ne. Shi ake kira ɓarawo. Ta ce a ranta gobe za ta faɗa wa Mansir. Gobe ta zo, Mansir ya shigo gaishe ta, idonsa ya faɗa, ya ce jiya saura kaɗan ya fasa wa Sabitu baki da sifana. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya isar masa." Mansir ya ce amin.

Ran wata Asabar da hantsi Irmiya ya dawo, wannan karon da matarsa Liyatu. Sun zo da kwaryar acca da 'yar jarkar manja. Liyatu ta shiga ciki ta zauna kusa da Zinariya ta riƙe mata hannu. Irmiya yana waje, a bakin labule.

"Uwargida, na zo ne in kwantar miki da hankali," in ji shi. "Mun yi shawara da Mansir. Ran Litinin za a yi wa motar walda, a haɗe gaban gaba ɗaya, ya zauna a kulle har abada. Za ta sha mai, za ta ci taya, amma za ta shiga ƙauye. Akwai masu ciki can, akwai tsofaffi. Ba zan iya ƙara jira ba."

Zinariya ta runtse ido. Ta sha jin Mijinyawa yana faɗa a kan wannan aikin. Yana cewa wanda ya yi wa makulli walda kamar wanda ya ɗinke wa mutum baki ne don yana tari.

"Sai abu na biyu," in ji Irmiya. Ya yi gyaran murya. "Na ji abin da ake faɗa. Ni ban sa bakina ba, ba kuma zan sa ba. Shekara ashirin da wani abu mutumin nan bai taɓa cuta ta ba. In a ƙarshe wani abu ya matsa masa, ga ciwo, ga iyali, ni ba zan ƙirga rana ɗaya in bar shekara ashirin ba. Na san a wurinku amana nauyi ce a kan mamaci. To na sauke masa. Na yafe masa, duniya da lahira. Ga Liyatu shaida."

"Mun yafe," in ji Liyatu, tana matse mata hannu.

A'i ta fashe da kuka tana sa musu albarka. Zinariya ba ta yi kuka ba. Ji ta yi kamar an kwara mata tafasasshen ruwa. Zagin Sabitu zagi ne, mai hankali zai iya ƙi. Amma wannan dattijon, wanda ya fi kowa sanin mijinta, ya zauna ya auna, ya yarda an yi, sannan ya yafe. Gobe a coci zai ce ya yafe. Mansir zai yi masa godiya. Maganar ta zauna ke nan, an rufe ta da alheri, babu mai sake buɗewa. Maimuna da 'yan uwanta za su girma a matsayin 'ya'yan wanda aka yafe wa.

Ta so ta yi magana a lokacin. Hannun Liyatu yana kan nata, mai ɗumi. Ta kasa. Suka yi sallama suka tafi.

Ran Litinin da safe ta saka hijabinta na takaba ta ɗauki takalmi. A'i ta tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Gareji."

"Kin haukace? Ko wata ɗaya ba ki cika ba. Cikin maza?"

"Lalura ce, Yaya. In za ki raka ni ki zo. In ba za ki ba, ki matsa."

A'i ta dube ta, ta ga ba fuskar gardama ba ce. Ta jawo mayafi tana mita. Suka tari keke a bakin titi. Duk tsawon hanya A'i tana tambaya, Zinariya tana kallon ƙafafunta.

Ba ta taɓa ganin wurin ba, amma ta gane shi. Ƙasa baƙa wuluk, ruwa kwance a ramuka, rumfunan kwano a jere. Motar Irmiya tana tsakiya a kan duwatsu, gabanta ɗaure da leda kamar mai ciwon ido. Mai walda ya riga ya jawo wayarsa. Irmiya na tsaye, Mansir na tsugune yana kwance ledar.

Da Mansir ya gan su sai ya miƙe da sauri. "Yaya! Lafiya? Wa ya mutu?"

"Wane ne Sabitu?"

Hayaniya ta lafa. Wani dogo mai tsinken sakace a baki ya fito daga rumfar da ke kallo, yana goge hannu. Sauran bakanikai suka matso. Ta ji idanu a jikinta ta ko'ina. Ta so ƙasa ta tsage. Ta kama gefen motar.

"Malam ya kawo makullan gida," in ji ta. Muryar ba ta fita ba, sai da ta sake. "Ya kawo su ran Litinin. Suna ɗakina har ya rasu. Ni na ba ɗan gwangwan. Da Mansir ya tambaye ni, na yi ƙarya."

A'i ta ce, "Na shiga uku," ta toshe baki.

Mansir ya tsaya kamar an dasa shi. "Ɗan gwangwan? Nawa ya ba ki?"

"Roba."

Wani a baya ya kasa riƙe dariya, ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari.

Wani tsoho mai farin gemu, da alama shi ne babban garejin, ya ɗaga hannu. "To, to. Ya isa. Kuskure ne. Mace ina ta san ƙarfe mai amfani da mara amfani? Ga zafin mutuwa. Ta ga tarkace ta share. 'Yata, koma gida, Allah ya yafe mana."

"Haka ne," in ji mutane. "Kuskure ne."

Ƙofa ce aka buɗe mata, mai faɗi. A'i har ta kama hannunta za ta ja. Sai Sabitu ya cire tsinken daga baki.

"To ai shi ke nan, ni dama ban ce na gani da idona ba. Ba sayarwa ya yi ba, sakaci ne. Amma fisabilillahi, ka kwashi kayan mutane ka kai gida ka watsar cikin shara, har iyali su kasa bambancewa? Wannan ma ai ba aiki ba ne."

Wasu suka gyaɗa kai.

Zinariya ta zare hannunta daga na A'i.

"Bai watsar ba." Yanzu muryar ta fita. "Ya wanke su da kananzir, haƙori bayan haƙori. Sifirin na hagu ya saki, ya canza shi. Ya sa giris da kan yatsa. Ya haɗa, ya murɗa, na ji sun kama. Ya naɗe kowanne a tsummansa, na dama da jan zare. Kusoshi goma sha biyu a gwangwanin madara, ya ƙirga sau biyu. Ko makaho ya taɓa ya san ba shara ba ce. Ni na warware tsumman da hannuna. Shi kansa ɗan gwangwan ya ce mini da ransu. Na san abin da nake bayarwa. Shekara goma sha tara a gabana ake yi."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Tsohon ya sauke hannunsa.

Irmiya ya dube ta. Ya matso kaɗan, ya cire hula.

"To me ya sa, uwargida? Me na yi miki?"

Wannan ce tambayar da ta fi tsoro, don amsar ba ita kaɗai za ta yanka ba. Amma ta gaji da zaɓen abin faɗa.

"Kwana uku yana ciwon kai. Na ce a je asibiti, ya ce sai ya gama naka. Ya gama, da safe ya faɗi. Sai na kasa kallonsu. Ba kai ka yi mini ba. Ba su ma suka yi mini ba. Ni ce dai."

Irmiya ya zauna a kan tayar da ke yashe a ƙasa. Ya daɗe yana kallon hular a hannunsa.

"Ban san ba shi da lafiya ba. Da na kawo motar har tsiya ya yi mini, wai ni da ita ba a san wanda zai riga wani ba."

"Ba zai faɗa ba."

"Kuma ni na zauna na yarda." Ya girgiza kai. "Na je har gidansa na yafe masa."

"Ita na zo karɓa," in ji Zinariya. "Yafiyar nan ka ɗauke ta daga kansa, ba ya bukata. Ka faɗa a nan, ka faɗa a duk inda ka faɗi waccan. In akwai saura, ni ce mai nema."

Irmiya ya miƙe. Ya juya ya fuskanci mutanen.

"Na ɗauke. Ku ji da kyau, Mijinyawa bai ci amanata ba. Aikina ya gama, ransa ya bi." Ya juyo wurinta, amma bai kalli fuskarta ba. "Ke kuma, uwargida, ba zan yi miki ƙarya ba. Makon jiya a kan ƙofa aka ɗauko wata mata mai naƙuda daga ƙauyenmu, maza huɗu, har bakin kwalta. Ta rayu, ita da jaririn. Amma ki ba ni kwana biyu. Zuciya ba makulli ba ce da za a murɗa ta kama."

"Na ji," in ji ta.

Tsohon ya dubi Sabitu. Sabitu ya dubi ƙasa, ya ce shi dai Allah ya yafe masa, bakinsa ne ya yi gaba. Tsohon ya ce a ɗaga murya, waɗanda suka ji ta farko su ji ta biyu. Ya ɗaga. Sannan tsohon ya ɗaga hannuwa aka yi wa Mijinyawa addu'a a tsaye, da hannuwa baƙaƙe da mai. Irmiya ya sunkuyar da kai har aka shafa.

Mansir bai yi mata magana ba. Ya tare musu keke, ya faɗa wa mai keken sunan unguwa, ya juya. Kafin su bar wurin ta ji injin walda ya tashi. Ba ta waiwaya ba.

Sun kusa Ɗan Iya kafin A'i ta buɗe baki.

"Da kin faɗa wa Mansir a ɗaki. Da kin faɗa mini ni. Yanzu kafin la'asar duk unguwa sun ji. Har Tirwun sai an kai mini. Wadda ta sayar da amanar mijinta a kan roba, haka za a riƙa nuna ki."

"Su nuna."

"Haka kawai za ki ce?"

"Ni ina da rai, Yaya. Zan iya ɗauka."

Keken ya tsaya a bakin lungu. Mata biyu suna tsaye a ƙofar gidan Hamsatu, suna ganinsu suka yi shiru. Zinariya ta sauko, ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska, ta bi ta gabansu ta gaishe su.